Kwalbatin Mai Hon

An yi wani mutum a layinmu, mai sayar da siminti. Ba zan kama sunansa ba. Ba tsoronsa nake ji ba, uwarsa nake ragawa, don mutuniyar kirki ce, mun yi zaman lafiya da ita har ta koma ga Mahaliccinta. Mutanen layi Mai Hon suke ce masa, saboda tun daga bakin titi yake danna hon, ba ya ɗaga hannu sai an wangale masa get.

Ni ba malama ba ce, ban zauna a aji ba. Surukata, matar ɗana, ita ke riƙe da biro, kuma na ja mata kunne: abin da ya fito daga bakina shi za ta rubuta, kada ta zuba wa maganata sukari. Amma ya 'yan uwa, wanda ruwan kwata ya shigar masa ɗaki, shi ma yana da wa'azin da zai yi.

Layinmu gangare ne. Gidana a sama, nasa a ƙasa, katanga ɗaya ta raba mu. Lambatu ya bi ta ƙofar kowa, kuma duk ruwan unguwa ta cikinsa yake gangarawa. Tun da aka kawo ni gidan nan, na haihu, na aurar, na binne miji, lambatun nan bai taɓa yi min rashin kunya ba. Ruwa ya zo da haukansa, ya wuce abinsa.

Sai Allah ya buɗa wa mutumin nan, ya sayi mota. Doguwa, baƙa, tana sheƙi har kana ganin haƙoranka a jikinta. Mota kuwa ba ta tsallake lambatu, sai an yi mata kwalbati a ƙofar gida. Wannan ba laifi ba ne. Na yi masa murna, na ce Allah ya tsare hanya.

Aikin kwalbati ba asiri ba ne, duk wanda ya daɗe a layi ya ga yadda ake yi. A gina gefe da gefe. A shimfiɗa katako a sama, a tokare shi da sanduna daga ƙasa. A jera rodi, a zuba kankare. Sai a ƙyale shi, ana yayyafa masa ruwa safe da yamma har ya yi ƙarfi. In ya yi, a shiga ƙasa a zare sandunan, a ɓamɓare katakon, a bar wa ruwa hanyarsa fayau. Abin da ake nema a wurin mai gida haƙuri ne kawai. Shi ne kuwa abin da babu a shagon mutumin nan.

Kankaren bai gama kama jikinsa ba, abokansa suka zo ganin mota. Suka same ta a waje, a gindin bishiya, tsuntsaye sun yi mata ado. Wani mai ƙaton tumbi a cikinsu ya kwashe da dariya ya ce, "Haba mutumina! Mota irin wannan a titi take kwana, kamar akuyar da ba ta da ubangida?"

Shi ke nan. Maganar ta shige shi. Ya zaro makulli.

Birkilan da ya zuba kankaren ya ce, "Ranka ya daɗe, a ɗan ƙara masa kwanaki, ɗanye ne."

Ya ce, "Simintin wa ka zuba? Nawa ne. Kai za ka koya min siminti?"

Ina zaune a dakalin ƙofata, da idona na gani. Ya hau kwalbatin yana danna hon, abokai suna tafi. A cikin hayaniyar nan na ji wani sauti, ƙas, kamar an taka tsohuwar tukunya. Kowa ya ji. Kowa ya yi kamar bai ji ba.

Da baƙi suka watse, birkila ya durƙusa ya leƙa ƙasa, ya daɗe, ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. Kankare ya tsage daga wannan baki zuwa wancan. Abin da ke riƙe da shi yanzu sandunan nan ne kawai. In an zare su, kwalbati ya rufta.

To, me mai tsoron Allah zai yi? Ya fasa, ya sake. Siminti a shagonsa yake, ba roƙo zai je ba. Amma in ya fasa, layi duka zai san cewa mai siminti ya kasa yin kwalbatin ƙofar gidansa. Sai ya ce a shafe tsagar da ɗan siminti a sama, a bar sandunan a inda suke. Birkila ya shafe, ya wanke cokalinsa, ya tattara kayansa ya yi gaba. Shi ma ina jiransa a gaban Allah, don ya san abin da ya bari a ƙarƙashin nan.

Ya 'yan uwa, kun taɓa ganin abin da lambatu ke ɗaukowa a ruwan farko? Leda, robar ruwa, tsumma, takalmi wari ɗaya, mushen kaza, ƙunzugun jarirai. A da duk wucewa suke yi. Yanzu sai suka tarar da sanduna a jere kamar haƙoran matsefi. Leda ta maƙale, tsumma ya hau kanta, yashi ya bi baya ya liƙe. Ruwa ya zo ya tarar an rufe masa ƙofa. Ina zai je? Ya kumbura, ya juyo, ya nemi ƙofa mafi kusa. Tawa ce.

Ina sallar azahar a ɗakina. Na kai goshi ƙasa, sai na ji sanyi. Ruwan kwata ne, baƙi, mai wari, ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa ya jiƙa min sallaya. A sujada, jama'a! Kafin in sallame ya kai min idon sawu. Katifa ta sha, akwatin kayana ya sha, buhun hatsinmu ya sha. Surukata tana kwarfewa da kwano, jaririya a bayanta tana tsala ihu.

Da ruwa ya tsagaita na tare Mai Hon a ƙofarsa, yana cikin mota, zanina yana ɗiga.

Na ce, "Ɗan nan, fito ka ga abin da kwalbatinka ya yi min."

Ya sauke gilashi kaɗan, ya ce, "Iya, ni na saukar da ruwan sama?"

Na ce, "Ba kai ka saukar ba, kai ka tare shi."

Ya ce, "Gidanki ne tsohon yayi, ya nutse. Ki sa a ɗaga miki dokin ƙofa."

Na ce, "Kai! A bayan nan na goya ka in uwarka ta tafi kasuwa. Ka yi min fitsari ban ce uffan ba. Yanzu ka girma, ka turo min na unguwa gaba ɗaya?"

Ya ɗage gilashinsa. Ya danna hon.

Ɗana tela ne, mutum mai sanyi, in ka mare shi sai ya tambaye ka ko hannunka ya yi zafi. Sai ya samo doguwar gora. Duk ruwan da aka yi, sai ya ajiye ɗinkin mutane, ya naɗe wando, ya shiga kwata yana zungura. Ran nan gora ta bugi sanda, sanda ta ɗan gusa. Mai Hon ya fito kamar an watsa masa wuta, ya ce duk wanda ya ƙara taɓa masa sanda sai ya kwana a hannun hukuma. Bai tsaya nan ba. Ya kira mai walda, aka kafa ragar ƙarfe a bakin kwalbatin, ta wajen gidana. Wai don kada shara ta shiga. Ƙarya yake! Don kada mutum ya shiga ne ya ga abin kunyarsa. Tun daga ranar, ko ɗan ruwan da ke silalewa a da ya daina.

Ku lura da kyau, ya 'yan uwa. Hawa ɗanyen kankare kuskure ne, kowa yana yi wa kansa gaggawa. Barin sanduna ɓoye kuskure ne. Amma ragar nan zalunci ne tsagwaronsa, da ido biyu, da sani. Haka zunubi yake, in ka ƙi fasa na farko sai ka yi ta gina masa katanga.

Na je wurin liman. Na je wurin dattawan layi, waɗanda ke zama a benci bayan la'asar suna gyara duniya da baki. Me suka ce min? "Iya, a yi haƙuri, maƙwabci ne." Ni ba maƙwabciya ba ce? Haƙƙin maƙwabtakar nan da ake karanta mana kullum, gangare kawai yake bi, ba ya hawa sama? Na san dalili. A shekarar Mai Hon ya kai siminti masallaci aka gyara wurin alwala. Simintin nan bai tsaya a wurin alwala ba, ya liƙe bakuna da yawa.

Na kai ƙara ofis. Wasu mutum biyu suka zo da takalma masu ƙyalli. Ba su leƙa lambatu ba, falonsa suka shiga. Suka fito suna goge baki, suka ce min za a duba.

Damina ta yi ta tafiya, ruwa yana kwana a gindin bangona. Danshi ya hau bango har ƙugun mutum. Fenti ya kumbura ya zube. Sauro ya yi mana sansani, jikata ta kwanta zazzaɓi har muka fid da rai. Sannan wata safiya, ina tsakar gida ina wanki, na ji rugum. Bangon ɗakina na wajen titi ya kwanta a kan gadona. Ɗakin da mijina ya gina da hannunsa, bulo bayan bulo, in ya taso daga aiki. Da ina kwance, da yanzu ba ni ke ba ku labarin nan ba.

Matar Mai Hon ta shigo a ɓoye tana kuka, ta riƙe min hannu, ta ce, "Iya, wallahi na yi magana har na gaji." Ban ga laifinta ba. Shi kuwa ya wuce ta gaban ɓaraguzan a motarsa, ko sannu.

Tun ranar nake kwana a zaure, kusa da keken ɗinkin ɗana. Ni da gidana. Ɗaki ɗaya ya rage mana, wanda ɗana da matarsa da 'ya'yansu suke ciki, shi ma tsaga ta fara bin kusurwarsa.

Rani ya shigo, lambatu ya bushe, mutumin nan ya ɗauka ya ci bulus. Bai san an sa masa ma'aikata biyu da ba sa karɓar toshiyar baki ba.

Na farko ruwan da ya tare. Ruwa in ya tsaya ba barci yake yi ba, haƙa yake yi. Duk daminar nan, yadda yake cin gindin bangona haka yake sulalewa ta gefen kwalbati yana kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin ginshiƙin get ɗinsa. Har wuri ya lotsa a gindin ginshiƙin. Ya sa aka zuba yashi baro ɗaya aka shafe. Shi komai shafewa ne.

Na biyu gara. Wata rana na sunkuya ɗaukar tsintsiyata da ta faɗa lambatu, na leƙa ta cikin raga. Sandunan nan duk sun yi ja, gara ta lulluɓe su da ƙasa tun daga gindi har sama. Wanda ya san gara ya san abin da ke ciki: ɓawo ne kawai ya rage.

Na faɗa masa. Ba don ina ƙaunarsa a lokacin ba, sai don 'yan makaranta ta kan kwalbatin suke bi. Na ce, "Ɗan nan, gara ta cinye sandunanka."

Ya ce, "Wace sanda? Iya, mugun baki za ki yi min?"

Na ce, "Bakina ba ya cin katako."

Ya yi tsaki ya shige.

Damina ta dawo. An yi ta raɗe-raɗin siminti zai yi tsada, sai mutumin nan ya zuba duk jarinsa ya saya ya ɓoye. Shago ya cika, ya koma tarawa a gida. Ya fitar da motarsa daga gareji ya ajiye ta a tsakar gida kusa da get, ya cika garejin da buhuna har rufi. A da ƙananan motoci ke kawo masa, a sauke a waje, 'yan dako su shiga da shi. Ran nan da la'asar babbar mota ta iso shaƙe da kaya, hadari kuma ya haɗu baƙi ƙirin, an fara yayyafi. Babu lokacin dako. Ya ce a shigo da ita ciki.

Direba ya leƙo ya dubi kwalbati, ya ce, "Oga, anya abin nan zai ɗauke ni?"

Ya ce, "Shigo, malam! Simintina ne, ni na san ƙarfinsa."

Ya tsaya a jikin ginshiƙi da lema a hannu, yana yafito mota da baya. "Zo. Zo. Ƙara zuwa." Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Tayoyin baya suka hau.

Ƙas ɗin da na ji a bara, shi na sake ji. Wannan karon babu mai tafi da zai rufe shi.

Kwalbati ya naɗe gida biyu. Babbar mota ta zurma, ta karkace, ta daki ginshiƙi. Ginshiƙin da ba ƙasa a ƙarƙashinsa, me zai riƙe shi? Ya tafi, ya ja get da rabin katanga. Get ya danne mutumin. Ginshiƙi ya sauka a kan baƙar motar nan, ya murƙushe ta, ya danne hon. Hon ya kama kuka, ba tsayawa, cikin ruwa da tsawa. Layi duka aka fito. Duk tsawon lokacin nan shi ke danna hon a buɗe masa get. Ran nan hon yana ta kira, get ɗin yana kan bayansa.

Kun san wanda ya fara isa? Telan nan da aka ce zai kwana a hannun hukuma. Shi ya sa kafaɗa a ƙarƙashin ƙarfe yana kiran jama'a, har aka jawo mutumin.

Ruwa kuwa, da ya ga lambatu ya toshe gaba ɗaya, ga kuma katanga ta buɗe, sai ya bar ƙofata a karon farko. Ya kwarara gidansa, ya cika tsakar gida, ya shiga gareji. Ba sai na faɗa muku abin da ke faruwa in ruwa ya haɗu da siminti ba. Buhunan nan suna nan har gobe, a jere, da siffarsu ta buhu, amma duwatsu ne. Sai da guduma.

Bai mutu ba. Bayansa ne ya karye. Yau yana kwance a ɗaki, sai an juya shi, sai an ɗaga shi. Shago ya rufe. Mai tumbin da ya yi masa dariyar akuya, ko sau ɗaya ban ga ƙeyarsa a layin nan ba. Matar da ya ƙi jin maganarta, ita ke wanke shi.

Kada wani ya ce na yi murna. Yaron da na goya ne. Na yi kuka ranar, surukata shaida ce. Amma kuka daban, haƙƙi daban.

An zo da janwe an cire babbar mota. Ɓaraguzan kwalbati kuwa, da rodi, da raga, da ruɓaɓɓun sanduna, suna nan cunkushe a lambatu. Ɗana ya ɗan haƙa wa ruwa hanya da shebur muka lallaɓa muka fita daminar, amma kankare mai rodi ba aikin mutum ɗaya ba ne.

Kwanan baya yayan Mai Hon ya yi sallama a zaurena, tare da liman. Suka zauna a kan tabarmar da nake kwana. Yayan ya ce, "Iya, ƙanena ne ya aiko ni. Ya ce don girman Allah ki yafe masa. Ba ya iya barci."

Na ce, "Ni ma ba na iya barci. Ka ga ɗakin barcina, kana zaune a kai."

Liman ya gyara murya ya ce, "Iya, Allah yana son masu yafiya."

Na ce, "Allah ya gafarta malam, masu toshe lambatu fa, yana son su? Lokacin da na zo maka zanina yana ɗiga, ayar haƙuri ka karanta min. Shi wace aya ka karanta masa?"

Liman ya yi ta jan carbi.

Na ce musu ba na son kowa ya cusa min wani abu a hannu. Abin da nake so a fili yake. A kwashe ɓaraguzan nan. In za a sake kwalbati, a yi shi da faɗin lambatu, a bar shi ya yi ƙarfi, a zare sandunan ina tsaye ina kallo. A ta da min bangon mijina. Ranar da na jefa leda ta wannan baki na ga ta fita ta wancan, da ƙafata zan shiga ɗakinsa, in dafa kansa, in ce na yafe duniya da lahira. Suka ce to. Har yau ban ji ƙarar guduma ba.

Ya 'yan uwa, ga darasin, ba zan lulluɓe shi ba. Hanyar ruwa ba taka ba ce, ko da ta bi ta ƙofar gidanka. Amana ce ta duk wanda ke sama da kai da wanda ke ƙasa da kai. Kai mai gini, in ka yi kuskure ka fasa ka sake, kunyar yini ɗaya ce. Mutumin nan ya guje ta, ya sayi ta har ƙarshen ransa. Kai birkila, kada ka shafe tsagar da ka san tana nan, hannunka yana cikin duk bangon da ya faɗi. Ku kuma dattawa, da ku nake. In kun ga mai ƙarfi ya danne mara ƙarfi, kuka juya kuna ba na ƙasa haƙuri, ba sulhu kuka yi ba, taya shi danniya kuka yi. Da mutum ɗaya cikinku ya tashi daga benci ya ce masa "fasa kwalbatin nan", da yau yana tafiya da ƙafarsa. Ba ni kaɗai kuka cuta da shirunku ba. Har da shi.

Jiya na ga hadari ya fara leƙowa ta gabas. Tsagar ɗakin jikokina yanzu yatsa yana shiga. Shi yana can yana jiran yafiya, ni ina nan ina jiran lambatu, kuma abu ɗaya ne zai sallame mu duka. Duk mai diga, duk mai guduma, duk mai baro, kun san layin, kun san ƙofar. Ba sai an danna muku hon ba.

Allah ya kiyaye mu da girman kan da ke hana mutum fasa abin da ya gina a karkace. Allah ya kiyaye maƙwabtanmu daga sharrinmu, ya kiyaye mu daga nasu. Allah ya ba shi lafiya, ni kuma ya nuna min ranar da ledar nan za ta fita ta wancan baki kafin ruwa ya sauka. Amin.